Gilashin Hular Kwano Ma Kayan Gona Ne



A watan Agusta na bara na shiga Kasuwar Sabon Gari, watau Kasuwar Abubakar Rimi, domin in sayo wa ƙungiyarmu maganin feshi da irin kayan lambu. Na gama ciniki da la'asar, na ɗaure kaya a bayan babur, na fito ta France Road, sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Kafin in bar Fagge ruwa ya kece. Hular kwanon da ke kaina mai baƙin gilashi ce, wadda na saya da araha saboda rana da ƙurar hunturu. Nan da nan gilashin ya yi gumi daga ciki, ruwa kuma yana kwarara a wajensa. Na ɗaga shi, ɗigon ruwa ya shiga dukan idona kamar tsakuwa. Ina runtse ido, tayar gaba ta faɗa bakin kwata da ruwa ya rufe. Allah ya kiyaye, kurjewa kaɗai na yi, amma kwalabe biyu na maganin jama'a sun fashe a kan kwalta.

Tun daga ranar nan nake da ra'ayi ɗaya, kuma shi zan faɗa muku. Manomin da ke hawan babur da damina, hular kwano mai farin gilashi garau tana cikin kayan aikinsa, daidai da fartanya da garma. Ya kamata ƙungiyoyinmu su ɗauke ta haka.

Ku yi lissafi tare da ni. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In ka ɗauki daƙiƙa 2 kana share fuska da hannun riga, ka yi tafiyar mita 28 ba ka ga komai ba. A cikin mita 28 ɗin nan akwai Adaidaita Sahu da ya tsaya ɗaukar fasinja, da mai turin baro, da yaron da ya tsallako da gudu yana neman mafaka. Ga shi kuma birki ba ya kamawa a jiƙaƙƙiyar kwalta kamar yadda yake yi a busasshiya, balle da buhun taki a baya.

Na san abin da waɗansu za su ce: hula tana da tsada, tana da zafi. Wannan magana ba sabuwa ba ce. A ranar 1 ga Janairu 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, har labarin ya kai ƙasashen waje. An yi dariya. Amma ƙwarya ba ta da gilashi, kuma wanda ya sa hula don tsoron ma'aikaci zai cire ta da zarar ya wuce shinge. Mu don idonmu za mu sa ta. Game da tsada kuwa, ku gwada kuɗin hula da kuɗin ɗorin ƙafa a tsakiyar noman fari, lokacin da ciyawa ba ta jiran mai jinya.

Ga abin da na koya, kowa kuma yana iya gwadawa.

Na farko, in za ka saya, ɗaga gilashin ka duba haske ta cikinsa tun kana gaban mai shago. Kada ka karɓi baƙi ko mai launi domin damina, gama in hadari ya rufe rana sai ya ƙara maka duhu a kan duhu. Wanda ya kukkurje ma ka bar shi, domin da dare kurjin yana warwatsa hasken fitilar mota mai zuwa har ya makantar da kai.

Na biyu, gumin ciki daga numfashinka yake, ɗuminsa ne ke haɗuwa da sanyin gilashi. Maganinsa shi ne ka ɗan ɗaga gilashin kamar kaurin yatsa don iska ta shiga. Kafin ka tashi kuma ka shafa ɗigon sabulun ruwa ɗaya a ciki, ka goge da tsumma mai laushi har ya bushe.

Na uku, kada ka goge gilashi da busasshen tsumma alhali akwai ƙura a kansa. Roba ce, ƙura tana kankare ta. Ka fara zuba ruwa tukuna.

Na huɗu, kunna fitila ko da rana ce, domin direba ma yana fama da nasa gilashin. Inda ruwa ya kwanta kuma kada ka yi zaton kwalta ce a ƙasa.

Na biyar, in ba ka iya ganin motar da ke gabanka sosai, sauka daga hanya ka fake a rumfa. Ruwan da ke zuwa da iska sau da yawa ba ya daɗewa. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri a dunƙule, haka za mu iya aika mutum biyu Sabon Gari kafin ruwan Yuni su yi cinikin huluna da gilashin canji gaba ɗaya, kowa ya biya bayan kaka. Babur ɗin ƙungiya kuma kada a ba da makullinsa sai tare da hula. Wanda muka aika kasuwa da kuɗinmu, hakkinmu ne mu ga ya dawo wa iyalinsa lafiya.

Ina fata za a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.