Kwana Ɗaya a Makau, da Jarin Mutane a Aljihu

Sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, babban baje-kolin Guangzhou yana tara fatake daga ko'ina, har da na Kantin Kwari da Sabon Gari. Idan an gama ciniki ana jiran masana'anta ta haɗa kaya, akan sami kwana biyu ko uku da babu abin yi. A nan ne wani zai kawo shawarar a leƙa Makau. Tafiyar ba ta da nisa: jirgin ƙasa zuwa Zhuhai kimanin awa ɗaya ne, iyakar Gongbei kuwa da ƙafa ake ƙetare ta.

Sai dai shawarar da aka yanke a ɗakin otal ta riga ta makara. Makau ta koma hannun Sin ranar 20 ga Disamba 1999, amma tana da nata dokokin shige da fice. Tun 2010 ba a ba mai fasfon Najeriya biza a bakin iyakarta. Dole ya nema tun da wuri ta ofishin jakadancin Sin. Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya fi ciwo. Shiga Makau fita ce daga babban yankin Sin, don haka mai bizar shiga sau ɗaya, da zarar an buga masa hatimi a Gongbei, ba shi da hanyar komawa wajen kayansa sai da sabuwar biza.

Wanda ya tsallake wannan, ya kamata ya san irin garin da zai shiga. Makau ce kaɗai wurin da dokar Sin ta amince da gidajen caca. Kamfanin Stanley Ho ya riƙe harkar shi kaɗai daga 1962 zuwa 2002, sannan aka buɗe wa wasu ƙofa, ciki har da kamfanonin Amurka. A 2006 kuɗin cacar garin ya zarce na shahararren titin nan na Las Vegas. Gwamnati tana karɓar kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gidajen suka ci, kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga nan yake.

Wannan ne ya bayyana dogayen motocin da ke jira a bakin iyaka suna ɗaukar kowa kyauta zuwa Cotai, filin da aka cike teku aka gina tsakanin Taipa da Coloane. Kuɗin man motar yana cikin lissafin teburin caca. A faifan nan mai juyawa, alal misali, lambobi 37 ne, amma wanda ya dace ana ninka masa sau 35 kawai. Wannan ɗan giɓin, kashi 2.7 cikin 100, idan an maimaita shi dare da rana, shi ne yake gina otal. Mutum ɗaya na iya ci yau. Gidan ba ya buƙatar sa'a.

Ɗan kasuwar da ya zo daga Kano kuwa ba kasafai yake ɗauke da kuɗinsa kaɗai ba. A cikin katinsa akwai saƙon maƙwabcin shago, da adashin mata, da jarin ubangida. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, kuma masu cewa kada ma a kusanci garin suna da hujja mai nauyi, tun da gwada ƙaramin abu ne yake jawo babba. Amma haramta garin ɗungurungum ya yi yawa, domin ya girmi gidajen cacar zamani da ƙarni huɗu. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar katin a Guangzhou, a canza ɗan abin kashewa zuwa pataka, kuɗin garin, a hau motar haya ta birni a biya.

Turawan Fotugal sun zauna a nan tun wajajen 1557, kuma a 2005 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Ana iya zagaya shi da ƙafa a yini guda. A fara da haikalin A-Ma, wanda ya riga Turawan zuwa, a bi ta barikin da aka gina a 1874 domin 'yan sandan da aka kawo daga Goa ta Indiya, a fito dandalin Senado mai daɓen duwatsu baƙi da fari, a ƙare a bangon cocin Saint Paul, wanda shi kaɗai ya tsira daga gobarar 1835. Daga ganuwar Monte da ke gefensa ana hango tsofaffin rufin gidaje, da otal ɗin Grand Lisboa ya yi musu kane-kane a tsakiya.

A lungun da ke hawa zuwa cocin, masu shaguna suna miƙa wa kowa yankan busasshen nama ya ɗanɗana. Kamarsa ɗaya da kilishi, amma galibinsa na alade ne. Masallacin garin yana Ramal dos Mouros, kusa da madatsar ruwa, tare da maƙabartar Musulmi. Mai son samun Juma'a a can sai ya ƙetare Gongbei da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.