Ƙara Ba Ƙarfi Ba Ce: A Daina Fasa Salansa Da Sunan Ƙara Wa Mashin Ja

Yau ba maganar waya zan yi ba, duk da cewa cutar da zan yi magana a kanta a waya na fara saninta. Kullum sai an kawo min wayar da aka cika da manhajojin "ƙara RAM" da "sanyaya batir", mai ita yana kukan ta yi nauyi, alhali su ne suke cinye ɗan abin da ya rage mata. To wannan tunanin ne ya koma kan mashin. Yaro ya sayi ɗan mashin ɗinsa mai cc 100 ko 125, ya ga in ya yi goyo ko ya zo tudu yana nishi, sai a ce masa: fasa salansa, cire matatar iska, sa babbar kafireta, za ka ga aiki. Ni kuma na ce wallahi wannan shawarar ɓata mashin ce, kuma ga dalilina.

Da farko mu bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai gudu, akwai ja. Gudu shi ne iyakar abin da mashin zai yi a miƙaƙƙen titi in ka murɗe totur. Ja kuwa shi ne ƙarfin da zai tashi da kai daga tsaye, ya fitar da kai daga yashi, ya hau tudu da buhun masara a baya ba tare da ya mutu ba. Yawancin masu kukan "mashin ɗina ba shi da ƙarfi" ja suke nufi. Amma duk gyaran da ake musu, in ma ya yi wani amfani, a can saman gudu yake yi, kuma daga jan yake sata.

In kana son ganin mutanen da suka ƙware a harkar ja, buɗe YouTube ka nemi wasan babur da Turawa ke kira trial, ko ka rubuta sunan Toni Bou, ɗan ƙasar Sifaniya da yake lashe kambun duniya na wasan shekara bayan shekara tun 2007 a kan babur ɗin Montesa. A wasan nan ba a tsere. Duwatsu ake hawa, da gungumen itace, da katanga, a hankali kamar ana tafiya da ƙafa, kuma duk sanda ka sa ƙafa a ƙasa an rubuta maka maki na laifi. Injinan nasu ƙanana ne, daga cc 125 zuwa 300, babur ɗin duka bai wuce kilo 70 da ɗan wani abu ba. Amma daga tsaye zai ɗare dutsen da ya fi mutum tsawo.

Yanzu duba yadda aka ƙera shi. Kafiretarsa ƙarama ce: masu cc 250 da yawa bakin kafiretarsu milimita 26 ne zuwa 28, alhali babur ɗin tseren ƙasa mai cc 250 ɗin yakan ɗauki 38. Bututun hayaƙinsa siriri ne mai tsawo, da salansa a ƙarshe, ba ya damun kowa da ihu. Faifan nauyin da ke juyawa a jikin injin mai nauyi ne, har wasu suna ƙara masa ƙarfe don kada injin ya mutu in ana tafiya a hankali. Giyoyinsa na farko kuma gajeru ne sosai. Kamfanoni irin su Beta da Sherco da GasGas, a baburansu na trial, ga hanyar da suka bi. Kai kuma an ce ka yi kishiyar kowanne, wai don ka samu ja. Wa ya fi wani sani?

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Salansa. Hayaƙin da ke fita daga injin ba zuba yake kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita. In bututun siriri ne daidai misali, kowane bugu yana fita da sauri, ya bar wani ɗan zuƙo a bayansa da yake taimakawa wajen janye ragowar hayaƙi. In ka yanke shi ko ka faɗaɗa shi, a ƙananan juyin inji hayaƙin sai ya rasa wannan saurin, jan ya ragu. Sannan ma'aunin mai da iska da kamfani ya saita ya rikice, sau da yawa mai ya yi kaɗan, injin ya riƙa ɗaukar zafi, har ya kai ga ƙona bawul. In kuwa injin ɗinka irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, abin ya fi muni, don shi ƙirar salansar tana cikin aikin injin ɗin kansa.

Matatar iska. Wannan kam ganganci ne tsantsa. A ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙura har ka kasa ganin gabanka, a nan za ka bar inji yana shaƙar iska tsirara? Ƙurar nan yashi ne mai laushi. Tana shiga ta goge ringi da bangon silinda, matsin injin ya zube. Kuma matsi shi ne uwar ja. Bayan 'yan watanni mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai a ce ai mashinan yanzu ba su da ƙarko. Garin neman ƙiba an samo rama.

Babbar kafireta. Kafireta tana tsotso mai ne da saurin iskar da ke wucewa ta maƙogwaronta. Ɗan ƙaramin inji in yana juyawa a hankali iska kaɗan yake ja. Ka ba shi maƙogwaro mai faɗi, iskar ta wuce a sanyaye, man ya ƙi tasowa yadda ya kamata. Shi ya sa kana murɗa totur sai ya yi "booo" kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Ka taɓa shan kunu da tiyon ban ruwa? To haka ne.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ni fa da na fasa tawa na ji bambanci." Ka ji dai. Kunne ne ya ji, ba taya ba. In ƙara ta ninka, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka gudu ma ya ninka. Ba sai mun yi musu ba, wayar da ke hannunka za ta raba gardama. Nemi tudu ɗaya da babu cunkoso, ka sa alama a ƙasa da sama. Abokinka ya tsaya da agogon ƙidayar daƙiƙa na waya, kai ka tashi daga tsaye da goyo ɗaya, sau uku, a rubuta. Bayan gyaran a maimaita da mutum ɗaya, tudu ɗaya. Kada ka riƙe wayar kana tuƙi. Gani ya kori ji.

To mene ne yake ƙara ja da gaske?

Na farko, dawo da ƙarfin da ya ɓace kafin ka nemi sabo. Mashinan da yawa ba rauni ne da su ba, sakaci ne. Wanke ko canza matatar iska. Cire fulogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi da toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. A wanke kafireta, musamman ɗan ƙaramin jet ɗin silo, don shi ne yake ciyar da inji a farkon totur. A saita bawul injin yana sanyi, da ma'auni, ba da kunne ba. Ɗaga mashin a kan jaki ka juya tayoyin da hannu. In birki yana kamawa, kullum da shi kake kokawa. Sarƙa ta samu mai, kuma sakinta ya kasance kamar santimita 2 zuwa 3. Iskar taya ta cika yadda kamfani ya rubuta. A nan kam kada ka kwaikwayi 'yan trial, su da gangan suke rage iska don tayar ta kama dutse, a kan kwalta wannan hatsari ne.

Na biyu, kuloci. In ka ba da wuta injin ya yi kuka amma mashin bai ƙara gaba ba, kuloci ne yake zamewa. Ko faifansa sun cinye, ko wayarsa ta yi tsauri, ko kuma an zuba baƙin man mota mai santsi da yawa. Kulocin irin waɗannan mashinan a cikin mai yake wanka, don haka nemi man da aka rubuta JASO MA a jikin robarsa.

Na uku, kuma shi ne babban sirrin da ba shi da tsada: faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, wanda makanikai ke kira sproket. Lissafin ɗan firamare ne. Ƙirga haƙoran na baya, ka raba da na gaba. Misali na baya 42, na gaba 14, ya ba ka 3.0. Ka mayar da na gaba 13, ya zama 3.23, wato jan da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100 a kowace giya. Ko ka bar na gaba ka sa na baya 45, ya ba ka 3.21, kusan abu ɗaya, sai dai wataƙila sarƙar ta buƙaci ƙari. Abin takaici, da yawa akasin haka ake musu: a sa 15 a gaba don gudu, lissafi ya sauko 2.8, ja ya ragu da kusan kashi 7, sannan a dawo ana fasa salansa don a nemo abin da aka zubar da hannu.

Amma fa ba kyauta ba ne. Abin da ka samu a ja, ka biya shi da gudu. A doguwar hanya injin zai fi juyawa, zai ɗan fi shan mai. In aikinka Kano zuwa Wudil ne kullum kai kaɗai, bar na kamfani. In lungu ne da yashi da lodi da hanyar gona, haƙori ɗaya ya ishe ka. Kada ka zarce, ƙaramin sproket sosai yana cin sarƙa. Kuma in za ka canza, canza sarƙa da sproket biyun tare, tsohuwa tana lalata sabo.

Ga makanikai, ina girmama ku, sana'ar hannu muke ci gaba ɗaya. Amma yadda ba zan sa wa mutum batir na bogi don ya nace ba, ku ma in yaro ya zo a fasa masa salansa, ku gaya masa gaskiya. Kuɗin da za ku karɓa yau bai kai sunan da za ku ɓata ba.

Ku kuma samari masu ratsa unguwa ƙarfe goma sha biyun dare kamar ana harbi: akwai mara lafiya a gidan nan, akwai jaririn da uwarsa ta sha wuya kafin ya yi barci, akwai dattijon da zai tashi asuba. Ba wanda yake cewa kai gwani ne, Allah ya isa kawai ake ja maka. Ga inji yana mutuwa, ga haƙƙin mutane, ga jan ma ba ka samu ba. Ina ribar?

In kana da aboki mai shirin kai mashin ɗinsa a fasa, tura masa wannan kafin ya tafi. Ya fara ƙirga haƙoran sproket ɗinsa tukuna.