ARON GOƊIYA A ƘASAR DAKORO: A RUBUTA KAFIN A KWANCE IGIYA

A filin manoma da makiyaya da muke gabatarwa a gidan radiyo, akwai wata ƙara da ba ta ƙarewa, wato rigimar mai goɗiya da wanda ya are ta don ta haihu a hannunsa. Kwanan baya wani dattijo daga yankin Kornaka ya bugo mana waya ransa a ɓace, ya ce ya ba ɗan ƙanwarsa goɗiya, ta haifi duƙusa mace, amma yaron ya hana shi, alhali kowa ya san haihuwar fari ta mai dabba ce. Mako na zagayowa sai ga yaron shi ma ya kira, ya ce shi abin da ya tashi ya tarar a garinsu, haihuwar fari ta wanda ya sha wahalar kiwo ce, kuma damina biyu yana raba hatsin gidansa da wannan dabba. Yau kawu da ɗan ƙanwarsa ba sa zuwa sunan juna.

Mun saurari kowannensu da kyau, kuma a ganinmu babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya riƙe al'adar garinsu a zuci, ya ɗauka ɗan'uwansa ma ita ya sani, aka kwance igiya daga turke ba tare da an furta komi ba. Nan ne matsalar take.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi cewa ba mu cikin masu son a daina wannan al'ada. Ta hanyarta ce talakan da ba zai iya sayen doki a kasuwar Dakoro ko ta Sakabal ba yake wayar gari da nasa a turke. Shi ma mai goɗiya yana samun sauƙin ciyarwa, kuma dabbarsa ba ta zama a banza. Maƙwabtanmu Fulani na kwarin Tarka da Bermo suna da irin wannan a shanu, wato habbanaye: a ba mutum karsana ta haihu a garkensa sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Da shi ne gidaje da yawa suka sake tayar da garke bayan farin 1973 da na 1984. To me ya sa habbanaye ya fi zama lafiya? Domin ƙa'idarsa a fili take, yaro da babba sun san ta. Aron goɗiya kuwa kowane gari da tasa.

Sai kuma mu dubi ita kanta dabbar. Goɗiya tana ɗaukar ciki wajen wata 11, ɗa guda take haihuwa, kuma ba a yaye duƙushi sai ya kai kamar wata 6. Ke nan ko da ta ɗauka a barbarar farko, sai an yi wata 17 kafin a yi maganar rabo, kuma sai ya kai shekara 3 kafin a ɗora masa sirdi da gaske. Duk tsawon wannan lokaci ba ciyawa kaɗai take ci ba, sai da hatsi ko dawa, da dusa, da harawa, da kanwa, ga shayarwa a ƙasar da rijiya ke da zurfi. Akuya ta haihu cikin wata 5, an wuce wurin. Amma alkawarin da zai kai shekara biyu ko uku, ya ratsa rani da bazara, ya yiwu ma ɗaya daga cikin masu shi ya rasu ya bar magada, bai kamata a bar shi a fatar baki ba.

Wanda ya ga 2005 da 2010 a arewacin Dakoro ya san yadda dabbobi suka zube saboda rashin abinci. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 kuma annoba ta faɗa wa jakai da dawaki a ƙasar nan, jakai dubbai suka mutu. A irin waɗannan shekaru ne tambayoyin da aka ji kunyar yi tun farko suke fitowa: in goɗiya ta mutu, wa zai biya? In ta yi ɓari fa, ko ta ƙi ɗauka, za a ƙara wa'adi? In aka sace ta? Kuɗin allura da magani a wuyan wa suke?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a duhu ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bambanta kayan aro da ake iya ɓoyewa, kamar tufa, da wanda ba ya ɓoyuwa, kamar dabba. In dabbar aro ta mutu ba da sakacin mai aro ba, babu ramuwa a kansa. In kuwa ya ƙetare abin da aka ba shi izini, to ya biya. Wanda aka ba goɗiya don haihuwa, ya ɗaura mata amalanke tana jan kaya zuwa kasuwa da tsohon ciki, ko ya sa ta sukuwa ranar salla har ta karye, ba shi da bakin cewa ƙaddara ce. Haka kuma an hana cinikin abin da ke ciki, don haka mai sayar da duƙushin da ba a haifa ba ya sani ya kauce hanya. Game da ingarma ma, malaman Malikiyya sun yarda a yi hayarsa na kwanaki sanannu ko barbara adadi sananne, amma ba a ce sai in ta ɗauka ba. Duk hukuncin nan abu guda yake nema, a san abin da aka ƙulla tun farko.

Laifi dai yana ɓangare biyu, amma bari mu faɗi wanda ya fi yi mana ciwo. Shi ne mai hali da zai bar talaka ya ciyar da goɗiya tun daga kaka har bazara ta wuce, sai ya ga ciki ya fito, ta yi ƙiba, sannan ya aiko yaro da igiya wai yana da buƙatar dabbarsa. In aka je gaban mai gari kuma, dokin mai baki ya fi gudu, talakan da ba shi da shaida sai ya koma gida da haƙuri. Wannan zalunci ne ko da wane suna aka ba shi.

Wasu za su ce rubutu tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Muna tambayarsu, tsakanin takarda guda da gabar shekara goma, wanne ya fi ɓata zumunta? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga Musulmi 'yan'uwan juna aka saukar da ita. Wasu kuma za su ce mutanen karkara ba su yi lakkol ba. To, babu garin da ba shi da malamin da zai rubuta da ajami, kuma wayar salula da ke aljihun matasa tana ɗaukar hoton dabba da muryar masu alkawari.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa. A sa kamannin goɗiya, kili ce ko akawal ko danda, da shekarunta da tabon da ke jikinta. A faɗi ko aro ne, ko kiwo ne na rabo, da haihuwa nawa za ta yi kafin ta koma. A faɗi wanda ke da ta fari da wanda ke da ta biyu, da yadda za a yi in ɗaya namiji ne ɗaya mace, tun da darajarsu ba ɗaya ba ce. A faɗi wanda zai biya magani, da aikin da aka yarda ta yi, da abin da mai ita zai mayar wa mai kiwo in ya karɓe ta kafin wa'adi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa, a ajiye ta uku wurin mai gari. In kuma dabba ta kwanta ciwo, a sanar da mai ita a ranar, a kira malamin dabbobi ya gani da idonsa, don kada gobe a ce sayarwa aka yi.

Muna kira ga sarakunanmu na Kornaka da Birnin Lalle da sauran gundumomi, da hakimai da arɗaɗɗan Fulani. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba ku ikon sasanta jama'a a shari'o'in al'ada tare da rubuta takardar sulhu. Tun da ku ake kawo wa ƙarar in ta ɓaci, ku tara dattawa masana doki da malamai, kowace gunduma ta fitar da ƙa'ida guda a fili, mu kuma mun ɗauki alkawarin karanta ta a radiyo har kowa ya haddace.

Ga kawun nan da ɗan ƙanwarsa kuwa, in wannan rubutu ya iso gare ku, goɗiyar tana nan da ranta, kuma in Allah ya so za ta sake haihuwa. Ku zauna gaban mai gari, ɗaya ya ɗauki wannan duƙusa, ɗaya ya jira ta gaba, a rubuta. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.