Sauri da Nisa a Kiran Asuba

A Mai Wurno, garin da masu hijira suka kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kiran asuba yakan tsallaka kogi tangaram fiye da na azahar. Ɗalibin da ya rubuta cewa sauti "ya fi sauri" da asuba ya saɓa wa Hausa da kimiyya gaba ɗaya. "Ya fi kai wa nesa" ya kamata ya ce. Ai zafi ke ƙara wa sauti gudu: mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, kimanin 355 a digiri 40. Da asuba kuwa iskar da ke dab da ruwa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ya lanƙwaso ƙasa maimakon ya watse sama.