Ɗan Kokawar Kende da Watannin da Babu Kiɗa

A daminar da ta gabata na je gida Kende, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, na tarar da ɗan ƙanwata a gonar shinkafa, taɓo har gwiwa. Shekarunsa 19, kuma a kakar da ta wuce babu wani saurayi a ƙauyukanmu da ya kai bayansa ƙasa. Da yamma bayan an tashi daga aiki, sai na gan shi yana gudu a cikin rairayi ɗauke da buhun ƙasa a kafaɗa. Na tambaye shi wa ya ɗora masa wannan wahala. Ya ce, “Kawu, in na zauna har a yi girbi, jikina zai mutu. Ni so nake kokawa ta zama sana'ata, kamar 'yan Dosso.” Na rasa amsar da zan ba shi, kuma wannan rashin amsa shi ne musabbabin rubutun nan.

Kokawa a ƙasarmu wasan lokaci ne. Sai an kai amfanin gona gida ake share fage, makaɗa su fito, samari su riƙa bin gari gari. Da zarar hadari ya haɗu, kiɗa ya ɗauke, kowa ya koma bakin garma. Ra'ayina shi ne, a cikin watannin nan da babu kiɗa babu 'yan kallo ake gina ƙwararren ɗan wasa ko a yi asararsa, kuma mu asara muke yi.

Bari in ɗauko misali daga nesa. A ƙasashen sanyi akwai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo guda a ƙarƙashin ƙafafu, wanda ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan a 1998. Shi ma wasan lokaci ne, domin ƙanƙara na narkewa idan zafi ya shigo. Amma yaron da ke son ya ƙware a can ba ya ajiye allonsa. Wasu sukan tare a Dutsen Hood da ke Jihar Oregon ta Amurka, inda ƙanƙara ke daɗewa har cikin watannin zafi, wasu kuma su tsallaka ƙasar New Zealand, inda ake hunturu a watannin Yuli da Agusta. Suna da masu horarwa da likitoci da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu. Ta irin wannan hanya ce Chloe Kim ta Amurka ta ci zinare a 2018 tana da shekara 17. A wannan gasa ta 2018 a Koriya ta Kudu ce 'yan matan Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Seun Adigun, suka fafata a tseren keken ƙanƙara, alhali ko ƙwayar dusar ƙanƙara ba ta zuba a ƙasar nan. Ashe ke nan tsari da shiri sun fi yanayi tasiri.

To, kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, mu dawo kusa. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa, wato gasar takobi, a Tawa a 1975, kuma jihohin ƙasar ke karɓar baƙuncinta bi da bi. Kowace jiha takan tace 'yan wasanta, ta killace su a sansani kafin a tafi, kuma wanda ya ɗauki takobi yakan koma gida da kuɗi da doki da daraja. Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobin nan sau da dama, kuma daga Dosso ya fito, jihar da ke maƙwabtaka da Kebbi. Yaranmu na Bagudo suna kallon wasanninsa a waya, sun san sunayen abokan karawarsa fiye da yadda suka san na kwamishinoninmu. A Sanigal kuwa an buɗe katafaren filin kokawa na ƙasa a Pikine a 2018, kuma manyan 'yan kokawarsu miliyoyin sefa suke karɓa a karo guda.

Ko a cikin gida ma akwai darasi. Daniel Igali ya taso ne a ƙasar Ijaw ta Jihar Bayelsa, inda kokawar gargajiya ke da ƙarfi kamar yadda take a wajenmu, ya kuma ci wa Kanada zinare a gasar Sidni a 2000. Da ya dawo gida ya dage wajen horar da matasa. Sakamakon haka Blessing Oborududu, 'yar Bayelsa, ta samo wa Nijeriya lambar azurfa a gasar Tokyo da aka yi a 2021, lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu a kokawa. Shin ƙashin 'yan Bayelsa ya fi na Kabawa da Dandawa da Zabarmawa ƙwari ne? Ko kaɗan. Sun dai samu mai jan gora.

Mu fa me muke da shi? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana ɗauke da kokawa da dambe da tseren kwalekwale. Amma biki ne na 'yan kwanaki, kuma ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Ba a gina sana'a a kan bikin da ba a da tabbacin zuwansa. Wani abin lura kuma shi ne, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara ƙarfi a fadamunmu. Wannan alheri ne babba, sai dai ya cinye watannin da samari ke yawon kokawa a da. Saurayin da bai shiga fadama ba kuma, kabu-kabu ko dakon kaya a hanyoyin kan iyakar Benin ke jiransa, da duk hatsarin da ke tattare da su. Ɗan ƙanwata ya lissafa mini abokansa uku da suka fi shi iya kamu, ɗaya ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, ɗaya ya karye a kafaɗa aka yi masa ɗorin gida ya warke a karkace, na ukun yana kan babur.

Na san abin da wasu 'yan'uwana 'yan boko za su ce: a bar yaro ya yi karatu, kokawa aikin marasa abin yi ne, ga layu da surkulle. Ban musa cewa akwai abubuwan gyara a fagen ba, kuma ni ma na gaya wa yaron nan cewa sai ya kammala sakandare. Amma ai guje wa fage ba ya gyara shi. Mu da muke kwana muna gardama a kan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila, muna sayen rigunansu, ba mu da bakin raina wasan da iyayenmu suka gada. Idan aka sa doka da alƙalai da rajista, aka sharɗanta zuwa makaranta ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, kokawar ce ma za ta riƙe yaro a aji.

Saboda haka ina da shawarwari uku. Na farko, gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa gasar kokawa ta shekara shekara mai tsayayyen lokaci, daga gunduma zuwa ƙananan hukumomi 21 na jihar, a kammala da ɗaukar kambu a ɗaya daga cikin masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru bi da bi. Na biyu, a buɗe sansanin horo na damina, ko da na mako shida ne lokacin dogon hutun makarantu, a yi amfani da ɗakunan kwanan ɗalibai da ke zaune babu kowa, a kawo masu horarwa da ma'aikatan lafiya, a koya wa yara ƙa'idojin kokawar zamani domin su iya shiga gasar wasanni ta ƙasa. Na uku, attajiranmu da kamfanonin casar shinkafa da ke cin moriyar gumin samarin nan su ɗauki nauyin ƙungiyoyi, a kuma riƙa gayyato maƙwabtanmu na Gaya da Malanbil a yi karawar zumunci.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙarfin ɗan kokawa shekaru kaɗan gare shi, ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi. Ranar da zan baro Kende, yaron ya rako ni tasha, ya ce, “Kawu, in ka samu wanda ya san hanya, ka tuna da ni.” Har yau ban samu ba. Watakila yana cikin masu karanta wannan shafi. Allah Ya sa mu dace.