Filin kimiyya: maganin fiton da ke danne murya a rediyo

Duk wanda ya taɓa neman tasha a gajeren zango da dare, a Maradi ko a Damagaram, ya san fiton nan siriri mai soke kunne, wanda kan shiga tsakanin mai saurare da mai magana. Ga mai jin labarai, abin haushi ne kawai. Amma ga masu rediyon sha'awa, waɗanda ke kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa da izinin hukuma, lamarin ya wuce haka. Su kan riƙe 7110 da 14300 kilohaz domin kiran gaggawa, sa'ad da ambaliya ko girgizar ƙasa ta katse waya. Idan fito ya danne murya a irin wannan lokaci, saƙon neman agaji ne ya ɓata.

Asalin fiton shi ne haɗuwar igiyoyi biyu makusanta. Idan wata tasha ta faɗo hazi 1000 daga inda aka daidaita akwati, sai kunne ya ji sauti guda mai hazi 1000, ba ya hawa ba ya sauka. Ita kuwa muryar ɗan Adam a irin wannan rediyo ta bazu ne daga wajen hazi 300 zuwa 3000. A nan dabara take: matata mai tsaga tana yanke ɗan siririn wurin da fiton ya tsaya, ta bar sauran murya yadda take.

A da, sai an haɗa wannan matata da waya da ƙarfe. Daga baya aikin ya koma lissafi cikin kwamfuta, musamman tun 2012, da aka gano cewa ƴar na'urar kallon telebijin mai ɗauke da RTL2832U tana iya zama akwatin rediyo mai araha. Mai saurare kan ga fiton a allo kamar tsayayyen zare, ya ɗora tsagar a kansa. Akwai kuma matata mai farautar fito da kanta, wadda ta dogara ga lissafin da Bernard Widrow da Ted Hoff suka fitar a jami'ar Stanford ta Amurka a 1960.

Sai dai kowane magani da ƙa'idarsa. Tsaga in ta yi faɗi, takan cinye wani ɓangare na murya, magana ta dushe. Mai aiki da kanta kuma ba ta bambanta fito da saƙon Mos, domin shi ma sauti guda ne, saboda haka sai a kashe ta kafin a saurare shi. Haka nan in an sa tsagar bayan sashen da ke daidaita ƙarfin sigina, fiton zai ɓace daga kunne, amma akwatin zai ci gaba da rage ƙarfinsa saboda shi, raunanniyar murya ta nutse. Gara a tare fiton tun kafin ya kai wannan sashe.