Zanen Bayan Mota Ma Karatu Ne

Duk wanda ya saba bin titin Funtua zuwa Zariya, ko na Malumfashi, a lokacin kaka ya san manyan motocin da ke ɗaukar masara, dawa da auduga. Da yawansu akwai zane a baya: zaki na kokawa da maharbi, mikiya ta cafko maciji, wani lokaci ma dabbar da babu irinta a duniya. Mutane kan ce ado ne kawai. Mu 'yan kulob ɗin jarida muna ganin magana ce, sai dai da fenti aka yi ta.

Mu ɗauki mikiya da maciji. A labarin Daura, macijin da ake kira Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ke nan a wurinmu maciji na iya tsayawa a madadin duk abin da ke tare wa talaka hanyar abincinsa. Direban da ke tafiyar dare, ga ramuka ga tsoron 'yan bindiga, ya san nasa macijin. Mikiyar kuwa fatansa ce na ya fi ƙarfin haɗarin.

Launi ma yana magana. In sararin sama ja ne kamar gobara, mai kallo zai ji fargaba. In shuɗi ne, ƙasa kuma kore shar kamar damina, sai hankali ya kwanta, alhali mikiyar ɗaya ce. A duba girma kuma. In macijin ya fi mikiyar kauri, ya nannaɗe mata ƙafa, to faɗan bai ƙare ba.

Wani zai ce ai mai zanen bai yi duk wannan tunanin ba. Mai yiwuwa ne. Amma babu wanda ya yarda Gizo yana magana da gaske, duk da haka kowa ya san wayo da haɗama ake nuna mana a tatsuniya. Sharaɗi ɗaya ne: duk fassarar da ka kawo, ka nuna hujjarta a cikin zanen.

Don haka muna roƙon malamanmu na CCA. Kwafar rubutu daga allo da zana kofi da mangwaro ba su isa ba. Ko sau ɗaya a zango, a kawo hoton zane aji, a tambaye mu me muka gani, me muka ji, kuma me ya sa. Yanzu wayoyi cike suke da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira. Ɗalibin da ya saba yi wa hoto tambaya ba a saurin yaudararsa.

Ku kuma 'yan uwa ɗalibai, ku lura da zanen mota ɗaya a makon nan, ku rubuto mana fassararku. Za mu manna waɗanda suka fi hujja a wannan bango.